Aljihun Uwargida: Kafin Ki Ɗaga Hannu A Wurin Gwanjon Gida Ko Gona

 Kaka ta kama, manyan motoci sun fara jerin gwano a bakin kasuwannin Ɗandume da Bakori suna lodin masara da dawa da waken suya. Duk wadda take zaune a yankin Funtuwa da Malumfashi ta san abin da wannan lokaci yake zuwa da shi: kuɗi na shigowa hannun mata. Wata ta kwashi adashe, wata ta sayar da ragunan da ta turke, wata kuma an raba gado an damƙa mata nata. A daidai wannan lokaci ne dillalai suke yawaita sallama, da wata kalma mai zaƙi a bakinsu, wato gwanjo. "Hajiya, akwai gidan da kotu za ta yi gwanjonsa, rabin kuɗi ne." Ko kuma, "Akwai filin da gwamnati ta ƙwace saboda ba a biya haraji ba, in kin shirya sai a saka sunanki."

Da yawa daga cikinku sun tambaye ni game da bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook, na mutanen da ke cewa sun sayi gida a Amurka da kuɗin da bai kai na babur ba saboda mai shi ya kasa biyan haraji, ko a nan ma ana samun irin wannan garaɓasa.

A can abin yana faruwa. Mai gida yana biyan harajin gidansa duk shekara, idan bashin ya taru sai hukuma ta sayar da bashin ko gidan kansa a bainar jama'a. A birnin Detroit an yi shekaru ana buɗe tayin wasu gidaje da dala 500 kacal. Abin da masu bidiyon ba sa haskawa shi ne rufin da ya rufta, da wayoyin wuta da bututun ruwa da ɓarayi suka cire, da mutanen da ke zaune a ciki ba su da niyyar fita. A jihohi da dama kuma doka ta ba tsohon mai gidan wa'adin da zai biya bashinsa ya fanshi abinsa, mai saye ya koma inda ya fito. A 2023 sai da Kotun Ƙolin Amurka ta shiga maganar wata tsohuwa mai shekara 94, Geraldine Tyler, a jihar Minnesota. Ana bin ta kimanin dala 15,000, hukuma ta sayar da gidanta dala 40,000 ta riƙe kuɗin gaba ɗaya, kotu ta ce hukuma ba ta da ikon cinye rarar. Ko a can ɗin ke nan, gwanjon haraji bai rabu da shari'a ba.

A nan gida tsarin daban ne. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da ke hannun mai fili izinin zama da amfani ne. A cikin gari gwamna ke bayar da shi, da satifiket ɗin nan da ake ce wa C of O, yawanci na shekara 99, a ƙauye kuma ƙaramar hukuma. Mai satifiket yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara, idan ya ƙi, sashe na 28 na dokar ya ba gwamna damar soke izininsa. Filin da aka soke wa gwamnati yake komawa, ita za ta sake ba wani ta ofishin ƙasa, da takarda. Ba ya faɗawa aljihun wani ɗan kamasho a bakin tasha. Ita ma hukumar tara haraji, ko tana bin mutum bashi, ba ta da ikon sayar da gidansa ko filinsa sai da umarnin babbar kotu. (Iyayenmu in sun ji kalmar haraji, na kai da jangali suke tunawa, waɗanda Balarabe Musa ya soke a 1979 lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kaduna. Wancan akuya da damin dawa yake ci. Na yanzu takarda yake ci, shiru, sai ranar da aka zo sayarwa ko saye a ga tarin bashi.)

Ku tuna abin da ya faru a Abuja a 2025 ko ku tambayi masu bin labarai. A watan Maris na 2025 ministan birnin, Nyesom Wike, ya amince a soke takardun filaye 4,794 saboda sun haura shekara 10 ba su biya kuɗin ƙasa ba. A ƙarshen watan Mayu aka fara garƙame gine-gine, har da hedikwatar jam'iyyar PDP. Ba a je ko'ina ba Shugaba Tinubu ya sa baki, aka ba masu bashin kwana 14 su biya tare da tara. To ki ƙaddara a tsakanin nan wata ta miƙa wa wani miliyoyinta don ya "saka sunanta" a ɗaya daga cikin filayen. Mai fili ya biya ya karɓi abinsa, ita kuma wa za ta kama?

Saboda haka gwanjon da za ki fi cin karo da shi a Funtuwa ko Malumfashi ko Ƙafur ba na haraji ba ne. Na bashi ne da na gado. Ɗan kasuwa ya karɓi kuɗin mutane ya saye hatsi ya ajiye, farashi ya karye, aka kai shi kotu. Manomi ya ci bashin banki ya jinginar da takardar gida, damina ta ƙi. Ko magada sun yi yawa, gida ɗaya ba zai rabu ba, alƙali ya ce a sayar a raba kuɗi.

Ga abin da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. Idan kotu ta yi gwanjon gidan mai bashi, abin da take sayar miki shi ne iyakar haƙƙin da shi mai bashin yake da shi a gidan. Takardar da za a ba ki ma abin da take faɗi ke nan. Idan gidan nasa ne shi kaɗai, kin samu gida. Idan kason gado ne yake da shi cikin 'yan'uwa tara, kason kika saya. Idan ya riga ya sayar wa wani a ɓoye shekara uku da suka wuce, kin sayi rigima. Kotu ba ta wanke miki gida kamar yadda ake wanke shinkafa a tsince tsakuwa. Mutane suna jin an ce "kotu ce ta sayar" sai hankalinsu ya kwanta su daina bincike, alhali nan ne ya kamata bincike ya fi tsanani, domin babu mai gidan da zai zauna da ke ya faɗa miki gaskiyar tarihinsa. Shi yana can yana jin haushinki tun kafin ya san sunanki.

Maganar gado ita ce ta fi kayar da mutane a wajenmu, bari in ɗan daɗe a kanta. Gidaje da gonaki da yawa a garuruwanmu sun shekara 20 ko 30 ba a raba su ba. Uba ya rasu, babban wa ya ci gaba da riƙo, kowa a unguwa yana cewa gidan Alhaji wane, har shi ma ya fara jin nasa ne. Ranar da bashi ya kama shi, masu bin sa za su nuna wannan gida. Amma akwai ƙanne mata da ke aure a Zariya da Kano, akwai tumunin takaba na matar uba da ba a fitar ba, akwai marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan uban. Duk ɗaya daga cikinsu yana iya zuwa kotu ya ce wannan dukiya ba ta mai bashi ba ce shi kaɗai, kuma za a saurare shi.

Sannan akwai shuf'a. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da shi, idan mutum ya sayar da kasonsa na gida ko gonar da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe kason daga hannun mai saye, ko mai sayen yana so ko ba ya so. Wanda yake gari kuma ya san da cinikin, malamai sun ba shi kamar shekara guda. Wanda ba ya nan, haƙƙinsa yana nan har ya dawo. Ki duba yawan 'yan'uwanmu da ke neman kuɗi a Legas da Fatakwal, ko suka daɗe a Saudiyya. Za a mayar miki da kuɗinki, gaskiya ne, amma kuɗin da ya kwana shekara biyu a wannan zamani na tsadar kaya, buhu nawa zai saya idan aka kwatanta da ranar da kika biya?

Idan gidan gado ne ake sayarwa da umarnin alƙali, nemi kwafin hukuncin rabon, ki sa a karanta miki sunayen magada ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ki yi abin da mata suka fi kowa iyawa, ki shiga cikin gidan ki gaisa da matan. Minti 30 a tsakar gida za su faɗa miki abin da dillali ba zai faɗa ba ko za a shekara: wace ce ba ta yarda ba, wane ne bai sa hannu ba, wa ya rantse sai ya ɗaukaka ƙara.

Ɗaukaka ƙara ita ce rami na gaba. A dokar da ta tsara yadda ma'aikatan kotu ke zartar da hukunci, ba a fara taɓa gida ko fili sai an nemi dukiyar da ake iya ɗauka, kamar mota da kayan shago, ba ta isa biyan bashin ba, sannan kotu ta ba da izini na musamman. Bayan an yi gwanjon kuma akwai kwana 21 da za a iya neman kotu ta rushe cinikin idan an yi kuskure babba wajen gudanar da shi. Sai wannan wa'adi ya wuce ciniki yake tabbata, a ba ki takardar shaida. Kada ki kai bulo ko buhun siminti ko ɗaya kafin nan. Ki kuma sa lauya ya duba a rajistarar kotun ko akwai ƙarar da aka ɗaukaka, ko takardar neman dakatar da zartar da hukunci. Wanda ya sayi abin da ake shari'a a kansa, duk yadda shari'ar ta ƙare haka za ta ƙare da shi.

Na san za a ce kuɗin lauya. Wadda za ta fitar da naira miliyan 8 ta sayi gida, amma take ƙyashin abin da za ta ba lauya ya yi mata binciken kwana biyu, lissafinta bai fita ba. Kuma lauyanki nake nufi, wanda ke kika nemo, ba wanda dillali ya ce "akwai wani baristanmu" ba.

Gwanjon banki yana da nasa tarkon. Doka ta ce mai satifiket ba zai sayar ko ya jinginar da fili ba sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da wani mai suna Ajilo: banki ya tashi sayar da gidan da aka jinginar masa, kotu ta ce jinginar ba ta inganta ba tunda ba a nemi amincewar gwamna ba, sayarwa ta faskara. Idan banki ne mai sayarwa, ko AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 don karɓar basussukan da suka gagari bankuna, a nuna miki takardar jinginar mai ɗauke da wannan amincewa da shaidar rajista. Ke ma bayan kin saya sai kin nemi taki amincewar kafin sunanki ya hau. Ko gonar ƙauye ce mai takardar ƙaramar hukuma, in dai ta hanyar zartar da hukuncin kotu aka sayar, sashe na 21 ya ce sai gwamna ya amince.

A jiharmu yanzu akwai hukumar KATGIS da ke riƙe da bayanan filaye a kwamfuta. Can ake zuwa da lambar satifiket a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar, da kuɗin ƙasa na shekara nawa ake bi. Wannan bashi ba ya bin tsohon mai gida zuwa inda ya koma. Yana nan yana jiranki ranar da kika je canza suna.  Ki haɗa da la'adar dillali, da kuɗin rajista da hatimi, da na safiyo, da gyaran gidan da aka bar shi babu kulawa tun ranar da shari'a ta fara, sai ki ga rabin kuɗin nan ya kusa zama cikakken kuɗi. Idan fili ne a bakin gari, musamman wajajen da suka yi daraja tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa a 2024, a leƙa hukumar tsara birane a tabbatar ba kan hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta yake ba.

Gona kuwa sai an taka ta da ƙafa. Mafi yawan gonakinmu ba su da satifiket, shaidarsu dagaci ne da mai unguwa da maƙwabtan iyaka. A tambaye su, kowa daban, ba a taron da dillali ya haɗa ba. Gonar tana hannun wani a matsayin jingina? In haka ne ba zai fita ba sai an biya shi kuɗinsa, kuma yana da gaskiya. An ba da hayarta ta shekara uku an karɓe kuɗi? Ta ci burtali ko makiyaya? Sannan tambayar da shekara 15 baya ba mai yin ta: ana iya zuwa a noma ta a dawo lafiya? A sassan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da yammacin Ɗandume akwai gonaki masu kyau da aka yi shekaru ana tsoron shiga saboda 'yan bindiga. Idan kika ji kadada a farashin da ya ba ki mamaki, ruwa ba ya tsami banza. Ki tura ɗanki ko ƙaninki ya tambayi masu babur na garin ko za su kai shi wurin da yamma. Amsarsu ta fi ta kowa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowace takarda. Gidan gwanjo sau da yawa da mutane a ciki, mata da yara, wani lokaci da tsohuwar da aka kawo ta gidan tana amarya. Fitar da su sai an koma kotu, sai an zo da ma'aikata, wataƙila da 'yan sanda, a watsa kaya a waje unguwa tana kallo. Doka tana iya kasancewa tare da ke ɗari bisa ɗari. Amma a Funtuwa ko Malumfashi za ki zauna, inda za ku haɗu da matar gidan a wurin suna da ta'aziyya, 'ya'yanku su haɗu a Islamiyya. Ban ce haramun ba ne, ciniki ne halal, kuma da kuɗinki za a sauke wa wani nauyin bashi. Ni dai a ganina, in har za a iya zama da mai gidan da masu bin sa bashi a gaban kotu a daidaita, ya sayar da hannunsa a farashin da ya kusa na kasuwa, a ba iyalinsa wata biyu ko uku su nemi wuri, ya fi miki kwanciyar hankali ko da kin ƙara wani abu a kai. Wasu za su ce na cika tausayi. Su tambayi waɗanda suka tare a irin waɗannan gidaje yadda shekarar farko take.

Idan duk an bincika kin yanke shawarar shiga, ki tsayar da iyakar kuɗinki tun daga gida, ki faɗa wa wanda zai wakilce ki, kada ya wuce ko da naira ɗaya. A wurin gwanjo akan samu masu ɗaga farashi da ba saye ya kawo su ba, an turo su ne su zuga masu zuciya. Addini ya hana wannan, amma ana yi. Ki kuma san sharuɗɗan biya kafin ranar: nawa ake ajiyewa nan take, kwana nawa aka bayar a cika, me zai faru da kafin alƙalamin in ba a cika ba. Kada ki shiga da kuɗin adashen da bai zo hannu ba.

Biya kuma a asusun kotu ko na banki ko na hukuma, a karɓi rasit mai hatimi. Duk wanda ya ce ki tura asusunsa na kansa "zai kai musu", ki rufe wayarki. Hukumar Kwastam ta sha fitowa tana gargaɗi kan masu buɗe shafukan bogi da hotunan jami'anta suna tallan gwanjo. EFCC ma idan za ta sayar da kadarorin da kotu ta ƙwace, sanarwa take yi a jaridu da shafinta, ba saƙon WhatsApp da tsakar dare ba.

Sai maganar suna. Yawancinmu ba mu zuwa wurin gwanjo da kanmu, maigida ne ko yaya ko ɗa yake tsaya mana, kuma babu laifi. Amma sunan da aka rubuta a matsayin mai saye ranar gwanjo shi zai hau takardar kotu, daga nan ya wuce ofishin ƙasa. Babu dokar ƙasa ko ta addini da ta hana mace mallakar gida da sunanta. Idan aka rubuta sunan maigida "don sauƙi", ranar da ta Allah ta kasance gidan ya shiga cikin gadonsa, a raba da kishiya da 'ya'yanta da iyayensa, ke da kika sayar da sarƙarki da 'yan kunnenki ki koma neman shaidu. Ba rashin yarda ba ne, shi kansa maigidan kirki zai fi son a rubuta gaskiya. Ki ba wakilinki takardar wakilci mai sunanki cikakke kamar yadda yake a katinki na ɗan ƙasa, da shaidu biyu, kuɗin kuma ya fita daga asusunki kai tsaye. Rasit da takardar kotu da hukuncin rabon gado, ki ɗauki hoton kowanne da wayarki ki tura wa wata 'yar'uwa da kika amince da ita, asalin kuma a adana inda gara da ruwan damina ba za su kai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake mayar da takardar dagaci ta zama satifiket, da ofisoshin da ake bi. Waɗanda suka taɓa sayen gidan gwanjo ko na gado, ku ba mu labarin yadda kuka ƙare a ƙasan wannan rubutu, amma don Allah ban da ambaton sunan kowa.